Wa'adin Ajiya da Cikar Saƙo a Rumbunan Usenet, da Abin da Masu Adana Tarihi a Kano Za Su Tsinta a Ciki

Maƙalar da aka gabatar a wani zaman ƙara wa juna sani a kan adana rubutu a zamanin kwamfuta, a Nasarawa, Kano

Muƙaddima

Mas'alar da zan shimfiɗa a gabanku ta shafi wani tsohon tsari na musayar saƙonni tsakanin kwamfutoci wanda ake kira Usenet, wanda ya girmi shafukan intanet da muka saba da su da fiye da shekara goma, wanda kuma, ko da yake galibin mutanenmu ba su taɓa leƙa zaurukansa ba, ya daɗe yana fama da tambayoyi biyu waɗanda babu mai ajiyar rubutu da zai kuɓuta daga gare su: har yaushe abin da aka danƙa maka zai zauna a hannunka, kuma ranar da aka zo nema, cikakke za ka miƙa shi ko da giɓi? Ta farko ita ce wa'adin ajiya, ta biyu kuwa cikar saƙo. Da'awar da nake yi ita ce, ta farkon, wadda masu kasuwancin wannan fanni suke rubutawa da manyan baƙaƙe a tallarsu, ba ta da nauyi sai an auna ta da ta biyu, domin adadin kwanakin nan shekarun saƙon da ya fi kowane daɗewa kaɗai yake faɗa, ba ya faɗin nawa ne suka salwanta tsakaninsa da na yau.

Ba don sha'awar tarihin Turawa kawai na ɗauko wannan batu a nan Nasarawa ba. A unguwar nan ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, gidansa kuma shi ne yau mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, inda ake tsare da takardu da hotuna da kayan tarihi. A 2023 kuma aka ƙaddamar da babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a cikin wannan birni. Tsakanin gidan ƙasa na farko da ginin na'urori na biyu, maganar mayar da takardunmu cikin kwamfuta ta tashi daga buri ta koma aiki, wanda zai yi aikin kuwa ya kamata ya san inda waɗanda suka riga shi suka yi tuntuɓe.

Yadda saƙo yake tafiya

A 1979 ne wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka tsara wannan hanya, Steve Bellovin na Jami'ar North Carolina ya rubuta manhajar farko, aka kuma bayyana ta ga jama'a a 1980. Kwamfutoci ne suke kiran juna ta wayar tarho, galibi da dare sa'ad da kuɗin kira ya yi sauƙi, bisa wata ƙa'ida da ake kira UUCP, kowace ta zuba wa maƙwabciyarta sababbin saƙonnin da ta samu. A 1986 Brian Kantor da Phil Lapsley suka fitar da ƙa'idar NNTP, wadda ta ɗora tsarin a kan intanet, ita ce kuma ake bi har yau bayan gyaran da aka yi mata a 2006. Manyan kwamfutocin da ke karɓa, su ajiye, su kuma miƙa gaba, su zan riƙa kira rumbuna. Wuraren da aka kasa saƙonni bisa maudu'i kuwa, zauruka.

Abin da ya wajaba a riƙe shi ne cewa babu rumbu na tsakiya, babu kuma wani asali guda da ake komawa gare shi in an yi saɓani. Mutum ya rubuta saƙo ya miƙa wa rumbun da yake hulɗa da shi, wannan ya yi wa abokan musayarsa tayi, su ma su yi wa nasu, har saƙon ya malale ko'ina. Kowane saƙo yana ɗauke da lambar shaida wadda babu mai irinta, domin rumbun da ya riga ya samu ta wata hanya ya ƙi karɓar maimaici. A goshinsa kuma akwai layi guda inda duk rumbun da ya ratsa yake ƙara sunansa, ta yadda mai karatu zai iya bin sawu daga hannunsa har zuwa inda aka fara. Wanda ya karanci musɗalahul hadisi, ko da Baiƙuniyya ce kawai, zai gane wannan layi nan take: isnadi ne, wane daga wane daga wane, matani kuma yana biye a ƙasa. Kamar yadda riwaya take yankewa in mai riwaya ɗaya ya faɗi daga silsila, haka saƙo yake kasa isa wani yanki in rumbu ɗaya a hanyarsa ya mutu, ko layinsa ya cushe, ko mai kula da shi ya ga ba ya bukatar wannan zaure.

Daga nan ya bayyana cewa babu rumbuna biyu da abin da ke cikinsu ya zama ɗaya daidai wa daida, kuma tambayar "shin saƙon kaza yana nan?" ba ta da amsa sai an ce a wane rumbu.

Wa'adin ajiya

A zamanin farko faifan ajiya yana da tsada ƙwarai, saboda haka aka gina tsarin bisa niyyar shafewa. Akwai wata manhaja da take tashi kullum, yawanci cikin dare, ta bi saƙonni ta share duk wanda ya wuce wa'adin da mai kula da rumbu ya yanka, wa'adin nan kuwa a jami'o'i da yawa mako ɗaya ne ko biyu. Marubuci yana da ikon sa ranar ƙarewa a goshin saƙonsa, amma roƙo ne ba umarni ba, rumbu ya ga dama ya bi, ya ga dama ya ƙi. Manhajojin da suka gaji juna, B News, da C News ta Henry Spencer da Geoff Collyer a 1987, da INN ta Rich Salz a 1991, duk sun bar wa mai kulawa damar bambanta zauruka, ya tsawaita wa na ilimi, ya gajarta wa na hira. Daga baya INN ta zo da wata dabara inda ake keɓe fili mai iyaka a faifai, a riƙa rubutu a cikinsa a zagaye, in an kai ƙarshe a dawo farko a rubuta sabo a kan tsoho, kamar almajirin da ba shi da allo sai ɗaya, wanda dole ya wanke karatun jiya kafin a rubuta masa na yau. A irin wannan rumbu babu ma wanda ya yanka wa'adi: yawan abin da ke shigowa ne yake yanke shi, in zirga-zirga ta ninka, kwanakin ajiya su rabu biyu ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Akwai wata daƙiƙar magana a nan wadda take nuna yadda mas'alolin biyu suka sarƙe tun daga tushe. Rumbu yana riƙe da kundin lambobin shaidar saƙonnin da ya taɓa gani, yana kuma riƙe lambar har bayan ya share saƙon, don kada wani rumbu mai jinkiri ya sake kawo masa shi a matsayin sabo. Amma shi ma kundin yana da iyaka, saboda haka aka kafa sharaɗi cewa duk saƙon da kwanan watansa ya girmi abin da kundin zai iya tunawa, a mayar da shi daga bakin ƙofa. Ma'ana, saƙon da ya makale a hanya ya wuce haddi, ko da ya iso lafiya ba za a karɓe shi ba, giɓinsa kuma ya tabbata har abada a wannan rumbu.

Da faifai ya yi araha, aikin kuma ya fita daga hannun jami'o'i da kamfanonin sadarwa ya koma hannun 'yan kasuwa masu karɓar kuɗin wata, sai wa'adi ya zama abin gasa. AOL ta daina bai wa abokan cinikinta Usenet a 2005. A 2008 manyan kamfanonin sadarwa na Amurka da dama suka rage ko suka janye, bayan matsin lambar Andrew Cuomo, babban lauyan Jihar New York a lokacin. Ita kanta Jami'ar Duke ta kashe rumbunta a 2010. A wajen 2008 ɗin nan ne manyan rumbunan kasuwa suka daina sharewa bisa kwanaki, suka koma ƙara faifai kullum, shi ya sa adadin da suke talla yake ƙaruwa da kwana ɗaya a kowace safiya, har yanzu ya haura kwana 5,000, wasu ma sun zarce 6,000. Wanda ya ga wannan adadi ya sani ba alkawari ba ne na abin da zai zo; labari ne na ranar da aka fara tarawa. Kuma da yake abin da ke kwarara cikin tsarin a yini guda ya zarce terabait 100 a shekarun nan, ba abin mamaki ba ne cewa wasu rumbuna suna tace tsofaffin saƙonni, su riƙe waɗanda ake yawan nema, su saki waɗanda babu mai tambaya, alhali adadin kwanakin da ke kan tallarsu bai ragu ba ko da ɗaya.

Cikar saƙo

Da a ce rubutun baƙi ne kaɗai ake aikawa, da mas'alar cika ba ta yi tsanani ba, domin wanda ya rasa jawabi ɗaya cikin muhawara mai jawabi hamsin zai iya fahimtar sauran, sau da yawa ma ya tsinci abin da ya ɓace a cikin raddin wanda ya naƙalto shi. Abin ya canja ne sa'ad da mutane suka fara cusa hotuna da sauti da manhajoji da finafinai a cikin hanyar da aka gina don haruffa. Tun 1980 akwai dabarar uuencode ta Mary Ann Horton, wadda take mayar da fayil ya zama jerin haruffa, sai dai tana ƙara masa nauyi da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A 2001 Jürgen Helbing ya fitar da yEnc, wadda ƙarin nata bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Da yake rumbuna ba sa karɓar saƙo mai girman gaske, dole a yanyanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta tafi a matsayin saƙo mai zaman kansa, da lambar shaidarta, da hanyarta, da ƙaddararta.

Masu hulɗa da rubutattun littattafanmu na gargajiya sun san wannan hali sarai. Littafin malaminmu na da ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a sake tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiya a sa a gafaka, abin da ke riƙe da jerinsu kuwa ita ce kalmar nan da mai kwafi yake rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi mai zuwa. In warƙa ɗaya ta zame, mai karatu zai gane da zarar kalmar ƙasa ta ƙi haɗuwa da ta sama, amma ganewa ba ta mayar masa da abin da ya tafi. Sai dai fayil ya fi littafi rauni ta wannan fuska: littafin fiƙihu da ya rasa babin taimama ana iya karanta babin salla a cikinsa, fayil ɗin da aka matse aka ƙulle kuwa, in ya rasa gunduwa ɗaya cikin dubu, yawanci ba ya buɗuwa sam.

A nan ne nake roƙon mahalarta su yi haƙuri da ɗan hisabi, domin shi ne ƙashin bayan wannan maƙala. Mu ƙaddara fayil mai megabait 700, an yanka shi gunduwa 1,000. Mu ƙaddara kuma rumbu yana da'awar cewa cikarsa kashi 99 cikin ɗari ce, adadin da duk wanda ya ji zai ce madalla. In ɓacewar kowace gunduwa ba ta rataya da ta 'yar'uwarta ba, yiwuwar a sami dukkan dubun nan ita ce 0.99 a ninka ta da kanta sau dubu, abin da yake fitowa kuwa kimanin huɗu ne kacal cikin dubu ɗari. In aka ɗaga cikar ta kai 99.9, yiwuwar ta zama kimanin 37 cikin ɗari, wato har yanzu kusan biyu cikin kowane fayil uku za su zo da naƙasa. Gaskiya ne a aikace ɓacewa ba ta warwatsuwa haka daidai, takan taru ne a sa'o'in da layi ya yanke ko faifai ya lalace, ta yadda wasu fayiloli za su tsira ɗungurungum wasu kuma su ragargaje. Amma wannan bai rushe hujjar ba, ya dai nuna cewa adadin kashi cikin ɗari, in an faɗe shi tsirara ba tare da an ce na gunduwa ne ko na fayil ba, ba ya amfanar mai nema da komai.

Dalilan giɓi iri-iri ne, kuma ba duka ne na haɗari ba. Akwai na hanya, kamar cushewar layi ko yankewar igiyar ƙarƙashin teku, irin wadda ta auku a ranar 14 ga Maris 2024 a gaɓar Afirka ta Yamma, sa'ad da igiyoyin WACS da MainOne da ACE da SAT-3 suka samu matsala a lokaci guda, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta. Akwai na ajiya, in faifai ya mutu ba a riga an kwafe shi ba. Akwai na tacewa, domin tun bayan da wasu lauyoyi biyu, Canter da Siegel, suka watsa tallarsu a dubban zauruka a Afrilun 1994, rumbuna suka ɗauki matakan kore shara, matacin da ke kore shara kuwa wani lokaci yakan haɗa da tsaba. Akwai kuma na hukunci, wanda shi ne mafi yawa a yau: dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, da makamancin tsarinta a Holand, sun wajabta wa mai rumbu ya cire abin da mai haƙƙi ya kawo ƙara a kansa. Ba zan ɓoye ra'ayina ba cewa kaso mai yawa na abin da ke cika waɗannan faifai kayan mutane ne da aka kwafa ba da izni ba, kuma mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar finafinan Hausa ba mu da dalilin yi wa wannan kuka. Abin lura ga mai bincike dai shi ne, saƙon da aka cire da hukunci da wanda ya ɓace da haɗari amsa ɗaya rumbu yake bayarwa a kansu, lamba 430, ma'ana babu saƙo mai wannan shaida, ba ya kuma faɗin dalili.

Magunguna biyu aka samo. Na farko shi ne a haɗa fayil da gunduwoyin gyara. A 1960 Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa wata hanyar lissafi wadda da ita ake ƙirƙiro ƙarin bayanai daga asali, ta yadda in wani sashe ya ɓace za a iya sake gina shi daga abin da ya rage. A kanta aka gina tsarin PAR a 2001, sa'an nan PAR2 bayansa da kaɗan. Kyawun wannan dabara shi ne gunduwar gyara ba kwafin wata gunduwa takamaimai ba ce, kowace tana iya toshe kowane giɓi mai girmanta, saboda haka wanda ya ƙara kashi goma cikin ɗari na gyara a kan gunduwa dubu ya sami kariya daga ɓacewar kusan ɗari, ko waɗanne ne su. Amma kariyar tana da haddi mai kaifi, in giɓi ya fi gyara yawa ko da da ɗaya ne, lissafin ba ya warwaruwa.

Magani na biyu shi ne neman abin da ya ɓace a wani rumbu dabam, wanda shi ne muƙabalar da malamai suke yi tsakanin kwafi biyu na littafi guda. In muka koma ga hisabinmu, rumbuna biyu masu cikar 99 kowanne, waɗanda giɓinsu bai faɗa wuri ɗaya ba, gunduwa ɗaya ce cikin dubu goma za ta ɓace a dukkansu, yiwuwar samun fayil cikakke kuma ta tashi daga huɗu cikin dubu ɗari ta kai kimanin 90 cikin ɗari. Sharaɗin duka yana cikin wannan jumla ta "giɓinsu bai faɗa wuri ɗaya ba". Kamfanonin da ke sayar da damar shiga Usenet suna da yawa a suna, amma manyan rumbunan da suke ɗiba daga gare su 'yan kaɗan ne, galibinsu a Amurka da Holand, sau da yawa kuma sunaye biyar ko goma dillalai ne na rumbu guda. Malaman hadisi, kamar yadda Ibnu Hajar ya tsara a Nukhbatul Fikar, ba su ƙidaya hanyoyi goma a matsayin goma in dukkansu sun taru a kan mai riwaya ɗaya a wani mataki. Irin wannan garibi ne komai yawan rassansa daga baya, tawaturi kuwa yana bukatar yawa a kowane mataki. Wanda ya biya kuɗi wurin dillalai biyu na rumbu ɗaya ya sayi giɓi ɗaya sau biyu.

Ragowar abin da ake gani a wannan fage shi ne fihirisa. Fayil ɗin NZB, wanda shafin Newzbin ya ƙirƙiro kafin wata kotun Ingila ta yanke hukunci a kansa a 2010, ba kome ba ne illa jerin lambobin shaidar gunduwoyi, yana kuma iya rayuwa shekaru bayan gunduwoyin sun shuɗe. Haka Ibnun Nadim ya bar mana a Bagadaza, a ƙarni na goma, sunayen littattafai masu ɗimbin yawa waɗanda ba a san inda kwafinsu yake ba a yau.

Wanda ya tsare abin da aka gina don a share

Abin da ya rage mana na shekaru goma na farkon Usenet bai tsira ta hanyar tsarin ba, ya tsira ne duk da tsarin. Henry Spencer, wanda ke kula da kwamfutar Sashen Nazarin Dabbobi na Jami'ar Toronto a Kanada, ya riƙa kwafe saƙonnin da ke isowa rumbunsa a kan tef na maganaɗisu daga 1981 zuwa 1991, har suka kai tef 141, David Wiseman na Jami'ar Western Ontario kuma ya ɗauki wahalar kwaso su da fitar da abin da ke ciki. A 1995 Deja News ta fara tara saƙonni don bincike, Google ta saye taskarta a Fabrairun 2001, a Disambar wannan shekara kuma ta haɗa da tef ɗin Spencer da wasu gudummawa, ta buɗe taska mai saƙo fiye da miliyan 700 wadda ta koma har 1981. Ta haka ne ake iya karanta sanarwar Richard Stallman ta aikin GNU a 1983, da ta Tim Berners-Lee game da shafukan intanet a ranar 6 ga Agusta 1991, da ta Linus Torvalds game da abin da ya zama Linux a ranar 25 ga wannan wata. Amma abin da Spencer ya tara riwaya ce ta hanya ɗaya: abin da bai iso Toronto ba, ba ya cikin tef ɗin. A ranar 22 ga Fabrairu 2024 kuma Google ta daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet, ta bar tsohuwar taskar don karatu kawai, ci gaba da barinta kuwa yana ga ra'ayin kamfanin.

Mu ma muna da kaso a cikin wannan taska, ko da ƙarami ne. A zauruka irin su soc.culture.nigeria da soc.culture.african 'yan ƙasarmu mazauna waje, ɗalibai da malaman jami'a, suka yi ta muhawara a shekarun 1990 a kan mulkin soja da makomar tarayya, a lokacin da jaridun gida ke cikin takura. Duk mai rubuta tarihin tunanin 'yan Nijeriya na wannan zamani zai bukaci waɗannan saƙonni, zai kuma bukaci ya san cewa abin da ya samu ba shi ne duk abin da aka faɗa ba. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa ba a Usenet yake ba: zaurukan da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya buɗe a Yahoo a farkon shekarun 2000 don tattauna finafinai da adabin Hausa, inda marubuta da masu shirya fim da manazarta suka yi shekaru suna musayar ra'ayi. Kamfanin ya sanar a ƙarshen 2019 cewa zai share abin da aka tara a irin waɗannan zauruka a duniya baki ɗaya, ya kuma rufe sashen gaba ɗaya a Disambar 2020. Wa'adin da kowa ya ɗauka ba shi da iyaka, sanarwa guda ce ta mayar da shi 'yan makonni. A yau ma, WhatsApp, inda wa'azi da waƙa da takardun makaranta suke yawo a Kano, ya bayyana a ƙa'idojinsa cewa saƙon da bai isa ga mai shi ba kwana 30 yake riƙe shi, wanda ya isa kuwa ajiyarsa tana kan wayoyin mutane.

Saboda haka, in wata hukuma ko jami'a ko zawiya a garin nan ta tashi ɗora hotunan littattafanta a rumbun wani, na gida ne ko na waje, tambayar shekara nawa za a ajiye ba ita ce ta farko ba. A tambayi kwafi nawa ne, a wurare nawa, kuma shin wuraren nan wuta ɗaya da layi ɗaya da mamallaki ɗaya suke dogara da su, domin ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗaukewar wuta ba sa tausaya wa faifai. A nemi a lissafa wa kowane fayil hatimin lissafi, wato lambar da ake gane ko ya canja da ita, ranar da aka karɓe shi, a ajiye jerin hatiman a hannun mai kaya ba a hannun mai rumbu kaɗai ba. A haɗa kowane mujalladi da gunduwoyin gyaransa, manhajar PAR2 kyauta ce, tana kuma aiki a kan kowane irin fayil ko da bai taɓa kusantar Usenet ba. Masu amfani da Usenet suna da wata al'ada wadda ta cancanci a ara: ƙa'idar NNTP ta tanadi umarni da ake tambayar rumbu ko saƙon kaza yana nan ba tare da an sauke shi ba, da shi ne suke ɗibar samfuri daga kowace shekara, na bara da na shekara biyar da na shekara goma, su ƙidaya sau nawa aka amsa musu da 430. A rubuta irin wannan gwaji a cikin yarjejeniya, a yi shi sau biyu a shekara a gaban wakilin mai kaya, a kuma fara ɗibar samfurin daga mujalladan da babu wanda ya nema tun ranar da aka ɗora su, domin su ne mai rumbu zai fara saki in faifai ya cika.